Ko Kun Sani?

A Linjilar Luka, makiyaya ne mutanen farko da mala'ika ya kai wa albishir bayan haihuwar Yesu Almasihu. Suna tsaron garkensu da dare a karkarar Baitalami, irin aikin da makiyayan Tanut da Balbeji ke yi a Damargu har yau. Jaririn kuwa a komin dabbobi aka kwantar da shi, saboda masauki ya cika. Shi ya sa Kiristoci ke ɗaukar Kirsimeti lokacin tawali'u, addu'a da taimakon mabuƙata, kafin a zo maganar ɗinki da yanka. A Nijar kuwa, 'yan mishan na SIM sun kafa zangonsu na farko na ƙasar a Damagaram a 1924, kuma 25 ga Disamba ranar hutu ce a Nijar.