Tekunan da Babu Ruwa a Cikinsu

Yara, mu mutanen unguwar Briqueterie mun saba da duban wata. Da ganinsa muke kama azumi, da ganinsa kuma muke yin Sallah. To, ko kun taɓa ƙare masa kallo a daren sha huɗu, lokacin da ya cika? Idan kun lura, fuskarsa ba fara fat ba ce. Akwai wurare masu haske, akwai kuma wasu manya masu duhu. Mene ne waɗannan wurare masu duhu?

Masana taurari na zamanin da sun zaci ruwa ne kwance, don haka suka kira su tekuna. A shekarar 1651 wani masani ɗan Italiya, mai suna Riccioli, ya fitar da taswirar wata, ya raɗa wa kowanne suna. Akwai Tekun Natsuwa, da Tekun Ruwan Sama, da Tekun Guguwa. Har yau da sunayen nan ake kiran su. Amma a wata babu teku, babu kogi, ba a ko ruwan sama. Filaye ne shimfiɗaɗɗu na baƙin dutse.

Yaya aka yi suka samu? Shekaru wajen biliyan 4 da suka wuce, manya-manyan duwatsu sun yi ta faɗowa kan wata daga sararin samaniya. Duk inda suka faɗa sai su bar wawakeken rami. A lokacin nan cikin wata yana da zafi ƙwarai, har dutse na narkewa. Daga baya narkakken dutsen ya riƙa ɓulɓulowa ta cikin tsagogi, yana malala cikin ramukan, kamar yadda kunu ke cika ƙwarya. Da ya huce sai ya daskare, ya zama fili. Yawancin filayen sun samu ne tsakanin shekaru biliyan 3 da biliyan 3 da rabi da suka wuce. Ba ƙanana ba ne. Faɗin Tekun Ruwan Sama ya haura kilomita 1,100, wato ya fi nisan Yawunde zuwa Kano idan aka ja layi miƙe.

Irin wannan dutse ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Dutsen Kamaru da ke kusa da Buea dutse ne mai aman wuta. A shekarar 1999 ya yi amai, narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota kusa da ƙauyen Bakingili. Da ya huce ya zama baƙin dutse mai tauri, wanda ake kira basalte da Faransanci. Baƙin yashin bakin teku na Limbe ma daga irinsa ya fito. Filayen wata danginsa ne.

Me ya sa suke da duhu? Wata ba shi da hasken kansa, hasken rana ne yake mayar mana. Tsaunukansa na dutse ne mai haske, shi ya sa suke ƙyalli. Dutsen filayen kuwa yana da ƙarfe da yawa a cikinsa, saboda haka kaɗan yake mayarwa daga hasken da ya same shi. Jar ƙasar Yawunde ma tana da ƙarfe, amma ruwan sama da iska sun sa shi tsatsa, shi ne jan da kuke gani. A wata babu ruwan sama, babu iska irin tamu, sai dutsen ya zauna da duhunsa.

Ta yaya aka tabbatar da duk wannan? Zuwa aka yi aka gani. Ranar 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a Tekun Natsuwa. Sun taka ƙura da dutse, sun kuma ɗebo fiye da kilo 21 sun kawo duniya. A shekarar 2020 kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin ya ɗebo ƙasa daga Tekun Guguwa. Da aka auna, sai aka ga dutsen wurin bai wuce shekaru biliyan 2 ba. Ashe cikin wata ya daɗe da zafi fiye da yadda ake zato.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sunan teku ya zauna, amma bincike ya nuna dutse ne.

Aiki: A daren sha huɗu mai zuwa, ku zana da'ira a littafinku, ku shafa fensir a inda kuka ga duhu. Ku sake zanawa a wata na gaba. Za ku ga wuraren ba su canja ba, domin fuska ɗaya wata yake nuna mana kullum.

Sababbin kalmomi
dutse mai aman wuta: le volcan
narkakken dutse: la lave
fili: la plaine

Tambayoyi
1. Me ya sa aka kira filayen wata tekuna?
2. Me ya cika ramukan da ke kan wata?
3. A ina za a ga irin wannan dutse a Kamaru?
4. Su wane ne suka sauka a Tekun Natsuwa, kuma a wace shekara?