Yadda Injin Goge Mota Ke Kawar da Karce a Kantar Kicin

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin masu fentin mota ya ga yadda ake ɗora wani faifan soso mai juyawa a jikin motar da ta dusashe, kafin a jima sai ga ta tana ɗaukar ido. Wannan inji yana iya yin irin wannan aiki a kan kantar kicin da ta sha karce, amma fa ba kowace kanta ba. Wata za ta dawo kamar sabuwa, wata kuwa za ta lalace gaba ɗaya, kuma dalilin bambancin yana cikin kimiyyar haske da ta taurin abubuwa.

Karce wani ɗan kwari ne siriri a saman abu. Idan haske ya faɗa kan wuri mai santsi, yakan koma ta fuska guda, kamar yadda yake yi a madubi, shi ne ido ke gani a matsayin sheƙi. Idan kuwa ya faɗa cikin kwarin karce, gefunan kwarin kan tarwatsa shi ta kowace fuska, sai a ga farin layi. Saboda haka gogewa ba cike ramin take yi ba. Abin da take yi shi ne cinye saman da ke kewaye da ramin har ya sauko daidai da ƙasansa. Man gogewa yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu tauri, galibi na alumina, waɗanda su ma karce suke yi, sai dai ƙanana. Wato ana musanya babban karce da dubban ƙanana, su kuma a musanya su da waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Tsawon igiyar hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiron 0.4 zuwa 0.7, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da zarar sauran kaushin ya gaza wannan awo sosai, haske ya daina tarwatsewa, sai wurin ya yi ƙyalli.

A shekarar 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri mai matakai goma, inda kowane ma'adini ke iya karce na ƙasa da shi. Daimon ne a mataki na 10, alumina mai tauri na 9, kwaz na 7. Ƙarfen wuƙa yana wajen 5.5, farcen mutum kuma 2.5. Wannan ma'auni ya bayyana wani abu da ke ba matan gida mamaki. Kwaz shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi, yana kuma cikin ƙurar hunturu. Don haka share ƙura da busasshen tsumma daidai yake da goga yashi a kan kanta, kuma yawancin ƙananan karce daga nan suke, ko daga jan tukunya mai yashi a gindi.

Kantar da ta fi dacewa da injin mota ita ce irin ta Corian, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1967. Kusan kashi ɗaya cikin uku nata robar akirilik ce, sauran kuma garin ma'adini, kuma daga sama har ƙasa abu guda ne, launi guda. Fentin kariya da ke saman mota kaurinsa bai cika wuce maikiron 50 ba, bai ma kai kaurin gashin kai ba a galibi, shi ya sa mai fenti ke taka tsantsan. Ita wannan kanta kuwa kaurinta kan kai milimita 12, akwai abin ci da yawa. Akan fara gwadawa da farce: idan farce ya wuce bai maƙale ba, man gogewa da soso sun isa. Idan ya maƙale, sai an fara da samfefa jiƙaƙƙiya, daga mai lamba 400 zuwa 800, zuwa 1500 ko 2000, domin yawan lamba na nufin ƙanƙantar ƙwaya. Tsallake mataki shi ne kuskuren masu gaggawa, don kuwa karcen lamba 400 ba zai ɓace da man gogewa ba sai an sha wahala. Wajibi ne a juya injin a hankali, kada kuma a tsayar da shi wuri guda, saboda guga na haifar da zafi, akirilik kuwa na fara laushi a wajen digiri 100 na ma'aunin Selsiyas. Haka nan ya fi kyau a goge kantar duka, in ba haka ba za a bar tabo mai ƙyalli a tsakiyar wuri marar ƙyalli.

Formica labarinta daban. Takardu ne da aka matse da ƙaro, launin kuma yana can sama ƙarƙashin wani siririn rufi. Inji na cinye rufin, shi ke nan, babu gyara. Dutsen mabul, mai tauri 3 kacal, yana goguwa, amma yawancin tabonsa ba karce ba ne, cin ruwan tsami ne irin na lemo ko tsamiya, kuma yana da nasa garin gogewa na musamman. Giranit, mai tauri 6 zuwa 7, ya fi ƙarfin soson mota. Sai faifai mai ƙwayoyin daimon da ruwa.

Haɗari mafi girma yana ga kantar da ake haɗawa da garin kwaz da roba, inda kwaz kan kai kashi 90 cikin ɗari. Yanka ta ko gurza ta a bushe na tayar da ƙurar silika, wadda ke shiga can cikin huhu ta haddasa cutar silikosis, cutar da ba a warkewa daga gare ta. Yawan matasan ma'aikatan da suka kamu ne ya sa ƙasar Ostireliya ta haramta wannan dutse daga 1 ga Yuli, 2024. Irin wannan kanta sai ƙwararru masu aiki da ruwa da kayan kare numfashi.

Shi kansa man goge mota ba a yi shi domin wurin abinci ba. Yawancinsa na ɗauke da sinadaran man fetur, wasu kuma da kakin da ke ɓoye karce na ɗan lokaci, ya sake bayyana bayan wanki. Bayan an gama aiki sai a wanke kantar sosai da sabulu da ruwan ɗumi kafin a ɗora mata albasa ko nama.