Yadda Ake Share Ƙura Daga Hoton Da Kwamfuta Ta Zana

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto da waya bayan magariba ya san yadda yake fitowa: fuska ta yi tsaki-tsaki, bango ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Abin mamaki, hotunan da kwamfuta take zanawa a fina-finan katun da wasannin bidiyo su ma suna fama da wannan cuta, alhali babu kyamarar gaske a wurin. Turawa suna kiran matsalar da kalmarsu mai nufin hayaniya, duk da cewa ido ne yake ganinta. Mu a nan bari mu kira ta ƙurar hoto.

Daga ina ƙurar take zuwa?

Kimanin shekara dubu da suka wuce, masanin nan Ibn al-Haisam ya bayyana a Alƙahira cewa muna ganin abu ne saboda haske ya taso daga jikinsa ya shiga idonmu. Hasken fitila yakan bugi bango, ya koma kan tebur, ya sake tashi, kafin kaɗan daga cikinsa ya iso ido. Idan ana so hoton kwamfuta ya yi kama da na gaske, dole ta lissafa wannan yawo na haske.

A shekarar 1986, wani masani ɗan Amurka mai suna James Kajiya ya rubuta lissafin da ya tattara yawon, ya kuma nuna hanyar warware shi. Kwamfuta takan bi sawun hasken ta baya. Hoto ƙananan ɗigo ne masu launi da ake kira fiksel. Daga kowane fiksel sai ta harba zaren haske cikin ɗakin da aka ƙirƙira. Idan zaren ya bugi wani abu, sai a zaɓar masa sabuwar hanya ta hanyar ƙuri'a, ya ci gaba da tafiya har ya faɗa kan fitila ko ya ɓace cikin duhu.

Ga inda gizo yake saƙar. A ce makarantarku tana da ɗalibai 1,000, ana son sanin matsakaicin tsawonsu. Kai ka auna mutum huɗu da ka ci karo da su, abokinka ya auna wasu huɗu. Amsarku ba za ta zo ɗaya ba, domin wataƙila kai ka haɗu da 'yan aji shida, shi kuma da 'yan aji ɗaya. Haka fiksel biyu da ke maƙwabtaka a kan bango ɗaya suke yi: zaren ɗaya ya dace da fitila ya dawo da haske, na ɗayan ya faɗa lungu ya dawo da duhu. Wannan saɓani shi ne ƙurar da muke gani. Dabarar samo amsa ta hanyar maimaita ƙuri'a ana kiranta Monte Carlo, sunan wata unguwa a Monako da ta shahara da gidan caca.

Me zai hana a ƙara zare?

Ana iya ƙarawa, amma da tsada. Ƙa'idar lissafin ita ce: idan kana so ƙurar ta ragu da rabi, sai ka ninka yawan zaren sau huɗu. Daga zare 100 a kowane fiksel sai ka koma 400, idan kana son wani rabin kuma sai 1,600.

Bari mu yi ɗan lissafi. Hoton da yake da faɗin fiksel 1,920 da tsayin 1,080 yana ɗauke da fiksel 2,073,600. Fim yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka fim na minti 90 hotuna 129,600 ne. A ce kowane hoto yana cin minti 10, kwamfuta ɗaya za ta yi kwana 900 ba hutawa. A ninka zaren sau huɗu, aikin ya koma kwana 3,600, kusan shekara goma. Shi ya sa manyan kamfanoni suke jera dubban kwamfutoci su raba aikin, kowacce tana shan wuta da kuɗi.

Tambayi maƙwabci

Mafita ita ce a tsayar da lissafin da wuri, sannan a share ragowar ƙurar. Hanya mafi sauƙi ita ce kowane fiksel ya dubi maƙwabtansa, a ɗauki matsakaicin launinsu. Ƙurar takan tafi, amma hoton yakan yi dishi-dishi, domin idan fiksel na gefen baƙin allo ya haɗa launi da na farin bango, iyakar da ke tsakaninsu ta narke.

A nan ne hoton kwamfuta ya fi na waya gata. Kwamfuta ta san abin da ta zana. Ta san ainihin launin kowane abu kafin haske ya taɓa shi, ta san inda fuskarsa take kallo, ta kuma san nisansa daga kyamara. Waɗannan bayanai kusan ba su da ƙura. Sai a ba manhajar sharewa su, a ce mata ta haɗa launin maƙwabtan da suke kan abu ɗaya kawai. Allo ya tsaya allo, bango ya tsaya bango.

A 2017 aka samu babban ci gaba. Masu bincike daga Disney da Pixar da Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara suka koyar da ƙirƙirarriyar basira wannan aiki. Sun yi ta nuna mata hotuna biyu-biyu daga fim ɗin Finding Dory, ɗaya mai ƙura, ɗaya tsaf, har ta gane yadda ake fitar da na biyun daga na farko. Da aka gwada ta a kan hotunan Cars 3 da Coco, waɗanda ba ta koya da su ba, ta yi aiki. A 2019 kamfanin Intel ya saki tasa manhajar, Open Image Denoise, kyauta ga kowa, aka kuma saka ta a cikin Blender a shekarar. Wasannin bidiyo na zamani su ma da irin wannan dabara suka dogara, domin sau da yawa zare ɗaya ko biyu kawai suke iya harbawa a kowane fiksel kafin lokacin hoto na gaba ya yi.

Inda ake yin hattara

Manhajar sharewa hasashe take yi, ba ta ga abin da ba a lissafa ba. Idan zaren ya yi kaɗan ƙwarai, takan ɗauki silin gashi, ko saƙar tabarma, ko ƙananan aikin wuyan riga a matsayin ƙura, ta goge su, fata ta koma kamar roba. A fim kuma, idan an share kowane hoto shi kaɗai, hasashen yakan bambanta daga hoto zuwa hoto, sai bango ya riƙa rawa a ido. Don haka manhajojin fim sukan leƙa hotunan da ke kusa da wanda suke sharewa. Gwanintar mai zane ita ce ya san inda zai tsaya: zare isasshe da zai kama gaskiyar hoton, sannan a share saura.

Gwada da kanka

Blender kyauta ce, kuma idan ɗakin kwamfutar makarantarku yana da na'urar da za ta ɗauke ta, ka roƙi malaminku izini. Ka zaɓi injin zane mai suna Cycles, ka sa adadin zare 16, ka cire alamar da ke akwatin Denoise, ka fitar da hoto. Sai ka maimaita da 64, ka ga ko ƙurar ta ragu da rabi. Daga nan ka koma 16, ka kunna Denoise, ka gwama ukun tare da lokacin da kowanne ya ci.

Ga mai ƙaramar kwamfuta a garin da wuta take zuwa tana ɗaukewa, bambancin hoton minti biyu da na awa ɗaya shi ne bambancin gama aiki da barinsa. Kuma duk abin ya tsaya ne a kan matsakaici da yiwuwar faruwar abu, darussan da malamin lissafi yake rubuta muku a allo kafin jarrabawar WAEC da NECO.