Ranar da Kanta Ya Koma Ya Sake Tambaya

Mai karatu, ka taɓa zuwa neman haƙƙinka wurin wani babba, ya harare ka ya ce kada ya ƙara jin wannan magana a bakinka? Me ka yi bayan nan? Yawancinmu gida muke komawa mu haɗiye abin. To, Muhammadu Kanta da Kabawa ke tinƙaho da shi har gobe, shi ma haka ya fara yi.

Wajajen 1515 ne. Askiya Muhammadu, sarkin Songhai da ke zaune a Gawo, ya ɗaura yaƙi da Sarkin Agadas. Cikin waɗanda suka rufa masa baya har da Kanta, wanda a lokacin garin Leka yake riƙe da shi. Labarin baka na cewa da kiwon shanu ya tashi, ƙarfin damtse a fagen kokawa ya fito da sunansa. Aka ci yaƙi, aka kwaso ganima, aka juyo gida. Kanta ya zuba ido yana jiran rabonsa da na mutanensa. Shiru kake ji.

Malamin Tumbuktu, Abdurrahman al-Sa'adi, shi ya adana mana abin da ya biyo baya a littafinsa Tarikhus Sudan. Da jira ya ishi Kanta, sai ya tafi wurin Dendi-fari, ɗaya daga cikin manyan jarumawan Askiya, ya tambayi rabonsa. Dendi-fari ya nuna masa cewa neman wannan rabo daidai yake da tawaye. Ka san abin da gwarzon nan ya yi? Bakinsa ya ja ya tsuke, ya koma masaukinsa.

Kada ka yi saurin ganin laifinsa. Wanda ake magana a kansa Askiya ne, mutumin da ya ƙwace mulki a 1493, ya je Makka ya dawo, dawakinsa suka taka daga bakin Kwara har duwatsun Azbin. Wane ne mai riƙe da Leka a gabansa? Da kai ne, da ka ƙara buɗe baki?

Sai ga mutanensa sun zo, fuska ba walwala. Ina rabonmu? Me ya hana ka tambaya? A nan ne Kanta ya yi abin da ya fi burge ni a duk labarin, abin da shugabanni ƙalilan ke iya yi. Bai yi musu cika baki ba, bai kuma ɓoye musu halin da yake ciki ba. Ya gaya musu ya tambaya an tsorata shi, kuma ba ya son ya zama ɗan tawaye shi kaɗai. In za su tsaya tare da shi, zai koma. Ka duba fa, barde guda yana faɗa wa na ƙasa da shi cewa gabansa na faɗuwa! Ana cewa faɗuwar gaba asarar namiji, amma ita ce ya fito da ita fili ya ajiye a gabansu. Suka ce suna tare da shi.

Ya koma wurin Dendi-fari. Kana tsammanin wannan karon an ba shi? Ko ƙwayar gero. Abin da yake tsoro dai shi ya faru: an sake hana shi. Aka zare takubba, aka gwabza, Kanta ya fita daga ƙarƙashin Songhai wajajen 1516. Shekara na zagayowa Askiya ya kawo masa yaƙi, ya koma hannu rabbana. Askiya Muhammadu Bunkana, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, shi ma ya gwada sa'arsa, rundunarsa ta watse da gudu.

Da an ba Kanta 'yan dawaki da raƙuma ran nan, wa ya sani ko da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Gawo barance? Hanin da aka yi masa shi ya haifi daular Kabi, da birninta Surame mai ganuwar dutse, wanda kufansa ke nan har yau a ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato.

Mai karatu, in kana ƙasar Kabi, Argungu ba nisa. Ranar da ka sami sarari ka hau mota ka je gidan tarihin da ke ɗauke da sunan Kanta, ka tafi da yaranka, ka ba su labarin tun daga tambayar farko.