Yarinyar da raba Sudan ya bari ba ƙasa

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu garin Hasahisa da ke jihar Jazira a Sudan, inda aka haifi wata yarinya a 1994.

Mahaifiyarta 'yar Sudan ce. Mahaifinta kuwa asalinsa ɗan kudancin ƙasar ne, amma a arewa ya yi zamansa, ya yi aure, ya yi aiki, kuma ya rasu tun kafin a raba ƙasar. Ku riƙe wannan, masu sauraro: bawan Allah ya rasu yana ɗan Sudan, bai taɓa riƙe takardar wata ƙasa ba.

Ranar 9 ga Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta sami 'yancin kai. Nan da nan gwamnatin Khartum ta yi wa dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 kwaskwarima: duk wanda ya cancanci zama ɗan kudu, shi ke nan ya tashi daga ɗan Sudan, ko ya nema ko bai nema ba, kuma 'ya'yansa ƙanana su bi sahunsa.

Yarinyar ta gama sakandare, ta nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, domin ba a shiga jami'a sai da ita. Jami'ai suka duba sunan uba, suka ce ai ita 'yar kudu ce. An ɗora wa mamaci ƙasar da ba a haifa ba lokacin da yake raye, sannan aka hukunta 'yarsa da ita. Alhali kundin tsarin mulkin 2005 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne, ba mai ƙwace masa wannan haƙƙi.

Masu kare haƙƙin ɗan Adam suka kai ƙara gaban kwamitin ƙwararru na Tarayyar Afirka kan haƙƙin yara. A 2018 kwamitin ya ce Sudan ta nuna wariya, ta kuma saɓa wa sashe na 6 na Yarjejeniyar Afirka ta 1990 kan haƙƙin yara, wanda ya ba kowane yaro haƙƙin suna, rajistar haihuwa da ƙasa. Ya nemi a ba ta takardunta, a kuma gyara dokar don uwa ta riƙa bai wa 'ya'yanta ƙasa daidai da uba.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu leƙa Bakassi, wadda Najeriya ta miƙa wa Kamaru a 2008, mu ji halin da yaran masunta suke ciki.