Tarun da Ba Ya Daina Kamu

Na taso da sanin cewa idan masunci ya naɗe tarunsa, kifi ya huta. Labarin mashigin tekun Carpentaria da ke arewacin Ostireliya ne ya nuna mini akwai tarun da ba shi da mai naɗewa. Wani jiragen kamun kifi ne ke yar da shi, wani kuma tsinkewa yake yi. Da yake na roba ne, ba ya ruɓewa da wuri, sai ya yi ta yawo shekara da shekaru yana shaƙe duk abin da ya ci karo da shi. Shi ya sa ake ce masa tarun fatalwa.

Galibin waɗannan taruna daga tekun Arafura suke fitowa, tsakanin Ostireliya da Indunusiya, iska da igiyar ruwa su tura su cikin mashigin. A nan ne ake samun nau'i 6 cikin 7 na kunkurun teku da ke duniya. Binciken da masanan hukumar CSIRO suka fitar ya ƙiyasta cewa taruna 8,690 da aka tattara sun kama kunkuru tsakanin 4,866 da 14,600.

Waɗanda suka tashi tsaye su ne 'yan asalin ƙasar, irin su Yolngu na yankin Arnhem da Anindilyakwa na tsibirin Groote. A 2004 aka fara shirin da ya zama GhostNets Australia, wanda ya haɗa ƙungiyoyinsu na masu tsaron gaɓar teku. Sun kwashe taruna fiye da 13,000. Sukan tono tarun daga cikin yashi, su yanka shi, su kuɓutar da kunkurun da ke da sauran numfashi, sannan su auna girman idon tarun domin a gano inda ya fito. A tsibirin Erub kuwa, masu sana'ar hannu na saƙa siffofin kifi da kunkuru da zarensa, har ana baje kolinsu a ƙasashen waje.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba su suka zubar ba, amma su ke kwashewa. Sun san lokacin da iska ke juyawa, sun san gaɓar da kunkuru ke saka ƙwai. Wannan ilimi gado ne, kamar yadda sarkin ruwa a wurinmu ya san kowane gurbi na koginsa.

Sai dai kowace shekara teku na kawo sabon taru. Matuƙar ba a sa wa kowane taru alamar mai shi ba, ba a kuma tanadi wurin karɓar tsofaffi a tashoshin jiragen ruwa ba, aikinsu ba zai ƙare ba. Yabo kaɗai bai ishe su ba. Hakkinsu ne a biya su ladan aiki mai ɗorewa, a kuma tuhumi mai tarun.