Ƙishirwar Rake

Bayan gidan da nake zaune a Fadikpe akwai wata 'yar fadama inda wani dattijo yake noman rake. Ran nan na tarad da shi yana ban ruwa, na gaishe shi da aiki, sai ya ce, "Malam, raken yanzu ba ya ƙoshi. In na yi kwana uku ban zo ba, sai ganye ya nannaɗe." Maganar nan ita ta sa na ɗauki alƙalami, don ku 'yan'uwana da za ku fita koyarwa ƙauyuka za a yi muku irin wannan kuka.

Rake dai dangin ciyawa ne, kamar dawa da gamba. A zamanin nan ana noma shi ba don sukari kaɗai ba. Akan matse ruwansa, a bar shi ya yi tsami, a dafa, a tari tururin, sai a sami wani mai da ake kira itanol, wanda mota ke sha. Mutanen Birazil sun riƙi wannan aiki gadan-gadan tun 1975. Kullum fetur ya yi tsada sai ka ji ana cewa mu ma mu bi sawunsu. To, madalla, amma wa zai shayar da raken?

Ga yadda abin yake. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwan da saiwa ta tsotso ta nan yake fita, kamar gumi. Iska kuwa, in zafinta ya ƙaru da digiri 1, takan iya ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100, watau ta ƙara ƙishirwa. Kowa ya san yadda shanya ke saurin bushewa a watan Maris. Duniya fa tana ɗumama; da aka auna 2024, sai aka ga ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubutawa. Gaskiya ne iskar hayaƙin nan da ke ɗumama duniya takan sa ganye ya ɗan tsuke ƙofofinsa, ya rage ɓarna, amma wannan rangwame ba ya hana ƙasa bushewa in ruwa ya ɗauke.

Rake yakan shekara a gona, yana bukatar ruwa inci 60 zuwa 100. Minna kuwa abin da take samu bai wuce inci 48 ko kusa ba, daga Afrilu zuwa Oktoba. Tun can da giɓi ke nan, zafi kuma yana faɗaɗa shi. Don haka babbar gonar rake ta Sunti, kusa da Mokwa, wadda aka buɗe masana'antarta a 2018, take bakin kogin Kwara, inda kuma dole aka yi mata ganuwa saboda ambaliya.

Ni a ganina takanda ta fi dacewa da tudunmu. Ita ma ana samun itanol daga ruwanta, wata huɗu ta isa yanka, dangin dawa kuwa inci 18 zuwa 26 ya ishe su.

In kuna so yaranku su gani da idonsu, ku sa su ɗaure farar leda a kan ɗanyen ganyen rake da hantsi, su ɗaure wata a kan wanda ke cikin inuwa. Kafin a tashi makaranta sai su kwance, su gwada ruwan da ya taru.